Kafin a Sha Maganin Maza, a Gwada Wannan Atisaye

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana maza a kan wani al'amari da ke damun da yawa daga cikinmu a ɗaki, amma ba mai son a ji shi a bakinsa. Ina neman afuwar masu karatu tun da wuri, domin dole in ambaci wasu sassan jiki da sunansu, kuma ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Sai dai mai tallar maganin da ke tsayar da mota a bakin kasuwa ya ɗaura lasifika ba ya neman afuwar kowa. Yana zuba batsa yara na wucewa Islamiyya, kuma shi ake tsayawa a saurara. Muddin mu da muka yi aikin asibiti muka ci gaba da kawaici, shi ne zai ci gaba da zama malamin mazan Kano a wannan fanni.

Ni tsohon ma'aikacin jinya ne. Yawancin aikina a ɗakin kwanciyar maza na ɓangaren tiyata na yi shi, inda ake kawo masu matsalar fitsari. Da na ajiye aiki sai na buɗe ɗan kemis a unguwarmu, kuma kantar nan ta nuna mini abin da asibiti bai nuna mini ba. Asibiti sai abu ya lalace ake zuwa, kemis kuwa tun yana ɗanye.

Bayan isha'i suka fi zuwa. Mutum zai rakuɓe gefe yana danna waya har sai matar da ta zo sayen maganin zazzaɓin ɗanta ta tafi. Sai ya matso ya sayi man zafi ko farasitamol, abin da ba shi ya kawo shi ba, ya karɓi canjinsa, sannan ya sassauta murya: "Baba, akwai na manya?" Wani ya ce na ƙarin kuzari, wani ko magana ba zai yi ba, sai ya miƙo mini waya in ga hoton kwalin. A cikinsu akwai angon da saura mako a kai masa amarya, abokai sun gama tsorata shi. Akwai magidanci mai mata biyu da gabansa ke faɗuwa duk ranar da girki ya zagayo. Akwai mai furfura da ke ganin shi ke nan, an rufe masa wannan babi.

Ba na korar kowa. Nakan jawo benci in ce ya zauna, in ɗaura masa abin awon jini a damtse, in ya yarda in soki yatsarsa in duba suga. Daga nan in yi masa tambayoyin da yawanci ba wanda ya taɓa yi masa. Idan ka gama fitsari ka miƙe, kana jin ɗigo a wando? Kana daɗewa a banɗaki kana yunƙuri? Kana farkawa da asuba ka tarar da gabanka a miƙe? Daga amsoshin ake gane inda matsalar ta dosa, kuma sau da yawa akwai hannun wata tsoka da mai ita bai ma san Allah ya ba shi ita ba.

A ƙasan ƙugun kowane mutum akwai wata shimfiɗar tsoka da ta taso daga ƙashin gaba, wanda kake ji idan ka danna ƙasan mararka, ta bi ta tsakanin ƙafafu ta je ta kama ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya. Aikinta irin na majanyi ne: ta tallafe mafitsara da ƙarshen hanji kada su zazzago. Hanyar fitsari da ta bayan gida duk ta cikinta suka ratsa. Ita ce kake matsewa idan iska ta taho maka kana tsakiyar sahu.

Mazakuta kuma ba iya abin da ido ke gani ba ce. Tana da tushe a cikin jiki, manne da ƙashin ƙugu, kuma akwai ƙananan tsokoki da suka naɗe tushen nan. Miƙewar gaba aikin jini ne: jijiyoyi su buɗe, jini ya kwararo ya cika wasu bututu biyu masu ramuka-ramuka da ke cikinta. Tsokoki biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ne ke matse tushen su tare jinin kada ya koma da wuri, su ƙara wa gaba tauri. Wata tsokar kuma ta zagaye bututun fitsari daga ƙasa. Ita ke tatse ragowar fitsari bayan an gama, ita ce kuma ke harbawa lokacin fitar maniyyi. Dukkansu irin tsokar damtse da cinya ne, wadda mutum ke sarrafawa da nufinsa. In an bar ta sai ta saki, in ana motsa ta sai ta yi ƙarfi.

Abubuwan da ke sakar da ita ba baƙi ba ne a garin nan. Shekaru na ciki, da tumbi, da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa irin na mai shan taba, da tiyatar mafitsara. Ɗan dakon da ke cicciɓar buhu a Dawanau ko Singa yana riƙe numfashi, duk nauyin can ƙasa yake sauka. Telan Fagge da ɗan Kantin Kwari da direban a-daidaita-sahu kuwa zama ne daga safe har magariba, ga shinkafa da taliya da lemon kwalba, ruwa kaɗan, ganye babu, sai ciki ya bushe a shiga banɗaki ana nishi. A nan nake ganin mutanenmu sun kusa gaskiya da suke ɗora komai a kan basir. Basir ɗin kansa ba shi ke kashe gaba ba, amma yunƙurin da ya haifar da basir, shi ɗin dai ke gajiyar da wannan tsoka shekara da shekaru. Haka masu cewa zaƙi na kashe namiji: ciwon suga yana lalata jijiyoyin da ke kai jini da saƙo zuwa gaba, kuma yana cikin manyan dalilan rauninta. Sun gano inda ciwon yake, maganin ne suke nema a inda ba ya nan.

Atisayen da ke ƙarfafa wannan tsoka, wato matse ta da sakinta akai-akai, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana shi a 1948 domin matan da fitsari ke kuɓuce musu bayan haihuwa, shi ya sa ake kiransa da sunansa har yau. Daga baya aka fara koya wa mazan da aka yi wa tiyatar furostet, wato ƙullutun nan da ke zagaye da bututun fitsari a ƙarƙashin mafitsara, saboda yoyon da kan biyo bayan tiyatar. A Ingila wata ƙwararriyar gashi, wato fisiyo masu gyara tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, Grace Dorey, ta gwada shi a kan maza 55 masu raunin gaba, aka buga sakamakon a 2004. Bayan wata 6, kashi 40 cikin 100 sun dawo daidai, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun samu sauƙi, kimanin ɗaya cikin huɗu kuwa ba su ga canji ba. A Italiya kuma likita Antonio Pastore da abokan aikinsa sun bi maza 40 da suka taso da saurin inzali, waɗanda ba sa kai minti 1. Bayan mako 12 na horo, 33 daga cikinsu sun samu iko da kansu, lokacinsu ya haura minti 2. An buga wannan a 2014.

Don kada in yi irin na masu lasifika, dole in faɗi sauran maganar. Mutanen da aka gwada ba su da yawa. Ƙwararru ne kuma ke tsaye a kansu, da na'urar da ke nuna wa mutum ƙarfin matsewarsa, kuma na Ingila an haɗa musu da shawarar barin taba da giya da rage ƙiba. Wanda zai yi shi kaɗai a ɗakinsa ba lallai ya samu abin da suka samu ba. Amma abu ne da ba a biyan ko kwabo, ba ya taɓa ƙoda ko hanta, kuma ba ya karo da wani maganin da mutum ke sha.

Matakin farko shi ne gano tsokar, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, ka saki jiki. Ka matse dubura kamar mai riƙe iska, sannan ka jawo matsewar gaba kamar mai son katse fitsari, ka ji abin ya ɗago sama cikin jiki. In kana son tabbatarwa, ka tsaya gaban madubi kai kaɗai: idan daidai kake yi, za ka ga tushen gaba ya ɗan shige ciki, 'ya'yan maraina sun ɗan ɗaga. Ko ka ɗora yatsu a fatar da ke tsakanin maraina da dubura, za ka ji wurin ya yi tauri ya ja sama. Wasu kan gane ta ta hanyar tsayar da fitsari a tsakiya. Wannan a yi shi sau ɗaya don ganewa kawai, kada a mayar da shi al'ada, domin yana iya hana mafitsara juye abin da ke cikinta gaba ɗaya, kuma fitsarin da ya kwanta yana jawo ƙwayoyin cuta.

In ka gano ta, sai ka matse ka riƙe sakan 3, ka saki gaba ɗaya sakan 3, ka maimaita sau 10. Ka yi haka sau 3 a rana. Ni nakan ce wa mutane su jingina shi da abin da ba sa mantawa: bayan an dawo daga sallar asuba, bayan la'asar, da lokacin kwanciya. Da tafiya ta yi tafiya sai ka riƙa ƙara tsawon riƙon har ya kai sakan 10, hutun ma ya kai haka, ka kuma ƙara da 'yan matsewa masu sauri, matse-saki, matse-saki, kamar 10. Ka fara a kwance domin ya fi sauƙi, sannan a zaune, sannan a tsaye, don a tsaye ne tsokar ke ɗauke da nauyi. Wanda ya ƙware zai yi a kan keken ɗinki ko yana jiran danja ta ba da hannu, na kusa da shi bai sani ba. Ka kuma saba da matse ta kafin ka yi tari ko atishawa, da kafin ka ɗaga kaya mai nauyi.

Kuskuren da na fi gani idan ina koya wa mutum a bayan kanta shi ne, da na ce matse sai ya cije baki, ya riƙe numfashi, ya ɗaure ciki da cinyoyi, har ka ga ya ɗago daga kan bencin. Wannan ɗuwawu ya matse, tsokar tana nan kwance. Nakan sa ya ɗora tafin hannu a cikinsa, ya riƙa ƙirgawa da baki a fili, domin mai ƙirgawa ba ya iya riƙe numfashi. Wasu kuma ƙasa suke turawa kamar mai yunƙuri, wanda shi ne kishiyar abin da ake so. Sai masu zumuɗi da ke jin in an ce 30 a rana to 300 ta fi. Tsoka ce ƙarama, tana gajiya, kuma sakin yana da muhimmanci daidai da matsewar. Canji kan fara bayyana bayan mako 6 zuwa wata 3, wani sai ya kai wata 6. In aka daina kuma, a hankali take komawa gidan jiya.

Akwai wani ɓangare da ya fi taɓa zuciyata, wanda ba na jin ana maganarsa ko kaɗan. Wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin da kullum a sahun gaba ake ganinsa, sai muka daina ganinsa a masallaci in ban da Juma'a. Muka ɗauka ƙafa ce. Wata rana da rana tsaka, lokacin da ba kowa a layi, ya shigo kemis ya zauna, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Likita, ni ba maganin ɗaki na zo nema ba. Sallata nake ji." Ashe duk lokacin da ya kama ruwa ya yi alwala, da ya taka 'yan taku ko ya sunkuya sai ya ji ɗumi a cinya. Ya koma ya canza wando, ya sake alwala, kafin ya fito an sallame. Ya ce har ruwa ya rage sha a zafin Kano don kada fitsari ya kama shi. Kowane ɗan Islamiyya ya san hadisin kaburbura biyu da abin da ya ce a kan wanda ba ya kiyaye fitsari, to ka auna abin da ke zuciyar mutum mai tsoron Allah a wannan hali. Yana maganar idonsa na ƙasa, hannunsa na murza bakin rigarsa.

Na ce, "Alhaji, wannan ba waswasi ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne." Bututun fitsarin namiji yana da wani lanƙwasa a bayan maraina inda ɗan fitsari kan kwanta. Tsokar da na ambata ita ke tatse shi, in ta yi rauni sai ya zauna, sai an miƙe ya gangaro. Na nuna masa abu biyu. In ya gama, ya ɗan dakata, ya sa yatsun hannun hagu a bayan maraina, ya danna sama a hankali yana turowa gaba zuwa tushen mazakuta sau biyu, ya tatse a hankali har ƙarshe, ya matse tsokar da ƙarfi, sannan ya ɗauki buta. Na biyu shi ne atisayen kullum. Ya ce, "Ai wannan kusan istibra'in da aka karantar da mu ne." Na ce haka ne, bambancin kawai daga can baya ake farawa, inda ragowar ke maƙalewa. Na kuma matsa masa ya je a duba masa furostet, ya je. Kafin azumi ya kama Alhaji ya dawo sahun gaba. Hukuncin alwalar mai yoyon fitsari na malamai ne, kuma addini ya yi sauƙi a kai. Ni dai roƙona ga malamanmu, in an kawo musu wannan tambaya, bayan fatawa su ƙara da cewa abin yana da magani.

A shimfiɗa kuwa, wanda ya san tsokarsa yana da abin yi. In ya ji ƙarfin na neman raguwa, matse ta na taimakawa wajen riƙe jinin. Mai saurin inzali kuma zai fara jin lokacin da wurin ke ɗaurewa kafin abin ya fi ƙarfinsa, sai ya dakata, ya ja numfashi, ya sassauta har ya lafa. Kuma da yawa daga samarin da ke zuwa wurina lafiyarsu ƙalau, ƙarya ce aka cika musu kunne da ita. A 2005 an buga wani bincike da aka yi da ma'aurata kusan 500 a ƙasashe biyar, ciki har da Turkiyya da Ingila, inda aka auna lokacin da agogo. Tsaka-tsakinsa minti 5 ne da ɗoriya. Mai lasifika na rantsuwa cewa namijin gaske awa guda yake yi, yaro ya koma gida yana ganin kansa nakasasshe, fargabar kuma ta haifar masa da matsalar da da ba shi da ita. Bashi da kuɗin makaranta da faɗan cikin gida ma suna bin mutum har gado. Wanda ke farkawa da asuba a miƙe amma ya kasa a gaban iyalinsa, ya fara duba abin da ke cin zuciyarsa. Abin takaici, sau da yawa matar ce ke ɗaukar laifin, tana ƙarar da kuɗin adashinta a kayan mata, alhali da maigida ya buɗi baki ya yi mata bayani da an huta.

Atisayen nan ba ya maye gurbin asibiti, kuma wannan ita ce maganar da ba na so a tsallake. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya sirantaka, saboda haka su ke fara nuna alamar toshewa. Raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da wasu shekaru. Duk wanda ya haura 40 ya ga canji, ya auna jini da suga kafin komai. Mai jini a fitsari ya tafi asibiti, ko da yana zaton tsargiya ce da ya ɗauko a rafi tun yana yaro. Haka wanda fitsarinsa ya zama siriri, ko yake tashi sau da yawa da dare, ko ya taɓa yin ciwon sanyi bai yi magani sosai ba, domin yakan bar tabo ya tsuke bututun. Wanda aka sa wa robar fitsari kada ya yi atisayen sai an cire. Akwai kuma mazan da tasu tsokar ba saki ta yi ba, ɗaurewa ta yi: suna jin ciwo ko nauyi a tsakanin maraina da dubura, zama na yi musu wuya, wani lokaci har zafi bayan inzali. Irin waɗannan matsewa ƙara musu ciwo take, sassautawa suke buƙatar koya a hannun ma'aikacin gashi. Muna da Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam a cikin gari, akwai likitocin mafitsara da sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Asibitin Murtala. Sannan ga masu hawan jini: wasu magungunan jini kan rage ƙarfin gaba, gaskiya ne. Ka gaya wa likita ya canza maka wani. Kada ka ajiye shi da kanka, domin na yi jinyar mutanen da suka yi haka aka kawo su da shanyewar ɓarin jiki.

Ban ce ƙwayar asibiti ba ta aiki ba. Sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra, tun 1998 aka amince da ita a Amurka, kuma magani ce ta gaskiya idan likita ya duba mutum ya rubuta masa. Amma in ta haɗu da wasu magungunan ciwon ƙirji da masu ciwon zuciya ke sha, jini na iya faɗuwa warwas, a rasa rai. Mai sikila kuma yana cikin haɗarin gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya. In hakan ta kai awa 4, a garzaya asibiti ko tsakar dare ne, domin jinkiri na iya kashe ta har abada. Na ga samarin da kunya ta sa suka kwana biyu a ɗaki da wannan azaba kafin a kawo su. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada haɗe-haɗen da ake cewa zallan itatuwa ne su tarar an niƙa wannan ƙwaya a ciki, ba tare da awo ba, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan kayayyaki. Ba masu maganin gargajiya na gado nake zagi ba, akwai masu amana a cikinsu. Ina magana ne a kan jarkar da ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Sai tiramol, da samari ke haɗiya don jinkirta inzali. Tana jinkirtawa, amma tana kama mutum ya kasa bari, tana jawo farfaɗiya, kuma a ƙarshe sha'awar ma take kashewa.

Na lura idan na gama wannan bayani na ce ba sai an biya ba, wasu fuskarsu kan canza. Araha ba ta ado. Mutum ya fi yarda da kwalba mai ɗaci ta dubu biyar da ta yi masa alkawarin daren yau, a kan abin da zai yi wata uku yana yi shi kaɗai. Ba kuma wanda zai sayi fili a rediyo ya tallata abin da ba zai ci riba a kai ba. Shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ka ware fili a shafin lafiya ko da sau ɗaya a wata, ka gayyato likitan mafitsara da ma'aikacin gashi su amsa tambayoyin maza, a bar mai tambaya ya ɓoye sunansa. Ina roƙon sashen koyar da aikin gashi na Jami'ar Bayero su rubuta wannan atisaye a takarda guda, da boko da ajami, da zane mai mutunci wanda uba ba zai ji nauyin a gani a aljihunsa ba. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wato a doka kowane ango sai ya bi ta hannun ma'aikacin lafiya kafin a ɗaura. A miƙa masa takardar nan tare da sakamakonsa, a ba shi minti biyar na bayani a keɓe. A ajiye ta a ɗakin ganin masu suga da hawan jini, a kuma raba wa kemis-kemis na unguwanni ta hannun ƙungiyarmu. In aka buga, ni zan zo da ƙafata in karɓi na unguwarmu in raba.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya rufa mana asiri. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya, mai kemis,
Gwammaja, Kano.